Hutun Takabar da Na Ce Ban Tuna Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karantawa, manya da ƙanana, maza da mata. Allah ya saka muku da alheri a kan lokacin da kuke ba damuwar mutanen da ba ku taɓa gani ba. Ina roƙo a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata kuma duk na canza su. Roƙona na biyu, ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Ba wai ina da hujja ba ne, ba ni da ita. Na dai fi son ku ji abin yadda ya faru daga bakin wanda ya aikata. Ni mutumin allo ne, da ajami na tashi, rubutun boko a waya nauyi yake yi mini, saboda haka in na ja zance ku yi haƙuri da ni.

Malami ne ni a wata makarantar Islamiyya mai haɗe da boko a ƙasar Ƙaraye. Asalina mutumin Falgore ne ta Rogo, can na yi karatu, aiki ya kawo ni nan na zauna na yi iyali. Na san makarantar tun tana rumfar kara. Wanda ya kafa ta, zan kira shi Malam Babba, Allah ya jiƙansa, ba mutum ba ne mai rubuta doka. Abin da ya faɗa a gaban malamai bayan sallar azahar, shi ke nan ya zauna. Ban da hutun ƙarshen zango da na rashin lafiya da kowa ya sani, akwai wasu da ya tsayar da bakinsa. Malamar da ta haihu sai ta yi arba'in ta huta. Wanda aka yi wa rasuwa ba a nemansa sai an yi sadakar bakwai. Wanda Allah ya kira Makka ya je ya dawo ya tarar da ajinsa. Sai kuma matar da mijinta ya rasu: ta zauna ɗakinta ta yi takabarta cikakkiya, wata huɗu da kwana goma, a kai mata albashinta har gida, sauran malamai su raba darussanta.

Wannan na ƙarshen sau ɗaya ya taɓa faruwa, a kan wata Malama Indo, kuma ina zaune aka yi maganar. Har wani malami ya ce, "Allah gafarta Malam, ai shari'a ta yarda mai takaba ta fito da rana in akwai larura." Malam Babba ya dube shi ya ce, "Haka ne, ta yarda. To mu ne za mu zama larurar? Ni dai ba za a ce ni na fito da ita ba." Ni na ɗauki ajin Alƙur'aninta a lokacin, har ta fita takaba. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri daga baya ya ce wataƙila mantuwa ce.

Shekaru suka ja. Malam Babba ya rasu, Malama Indo ta rasu, tsofaffin malamai kowa ya kama gabansa. Makaranta ta koma hannun ɗansa Sagir, wanda duk wancan lokaci yana Kano yana karatu, bai ga komai da idonsa ba. Yaron kirki ne, ba zan ɗora masa laifi ba. Duk abin da ya shige masa duhu, ni yake kira ya ce, "Baba Malam, yaya Baba yake yi a nan?" Abin da na faɗa shi yake bi. Wato na zama ni ne ajiyar maganar marigayi, kuma ina jin daɗin haka, ba zan ɓoye ba.

Bana wani tsohon ɗalibina da Allah ya buɗa wa ya biya mini kujerar Makka. Wanda ya tsufa yana karantar da yara yadda ake ɗawafi bai taɓa ganin Ɗakin ba, shi zai gane abin da na ji. Na je wa Sagir da maganar, na ce masa mahaifinsa yana ba da hutun aikin Hajji. Ko tambaya bai yi ba, ya ce, "Tunda kai ka faɗa, Baba Malam. Malama Hassana sai ta haɗa ajinka da nata." Malama Hassana ita ke riƙe da haddar 'yan mata, ni ina riƙe da ta maza, kuma a duk makarantar mu biyu ne kawai za mu iya sauraren tilawar 'yan ajin sauka mu gyara musu. An riga an sanar da iyaye cewa walimar sauka bayan babbar sallah ce. Ta karɓa da murna, har tana tsokanata wai kada in dawo mata da dabinon da aka saya a Kano.

Bayan ƙaramar sallah da 'yan kwanaki mijinta ya kwanta ciwo, bai jima ba Allah ya karɓi abinsa. Tela ne, mutum mai shiru. Ya bar ta da yara uku a gidansa da ke Yola ta nan Ƙaraye. Danginsa suna Rogo Ruma. Ni na ja masa sallah.

Da aka yi sadakar bakwai Sagir ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa, ya ce, "Baba Malam, na ji ana cewa wai Baba yana ba mai takaba hutu gaba ɗaya. In haka ne ba zan saɓa masa ba, ko me zai faru. Amma ka san abin da hakan yake nufi. Yaran sauka ba za a bar su ba kowa ba. Ita ba ita ta zaɓi abin da ya same ta ba, sai dai kai ka haƙura da tafiyar bana. To yaya aka yi a lokacin Baba?"

Jama'a, tambaya ce mai sauƙi, kuma amsarta tana bakina. Ina ganin fuskar Malam Babba kamar yana zaune a kan buzunsa. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ban tuna Malam ya mai da shi doka ba. Na Malama Indo, kamar rashin lafiya ce ta haɗu mata da takabar." Ban rantse ba. Na kula ƙwarai ban ce wallahi ba, kamar wannan zai wanke ni. Kuma ban tsaya nan ba, na ƙara da cewa ai malamai sun ce mai takaba tana iya fita da rana in akwai larura, muddin za ta kwana ɗakinta. Maganar gaskiya ce, babu malamin da zai musa. Amma me na yi da ita? Na ɗauki gaskiya na yi wa ƙaryata murfi. Maganar da aka taɓa kawo wa Malam Babba ya ƙi karɓa, ita na ba ɗansa ya karɓa.

Sagir ya sauke numfashi ya ce, "Alhamdu lillahi, ka cire ni daga cikin damuwa. To ta ƙara mako ɗaya ta dawo. Amma kai za ka je ka faɗa mata, daga bakinka zai fi yi mata sauƙi."

Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne akwai hanya. Na san alarammomi a Falgore da za su riƙe ajin nan don Allah in na roƙe su. Da na faɗi gaskiya na kawo wannan shawara, wa ya sani? Tunanin ya zo mini tun ina zaune a ofishin, amma na ji tsoron Sagir ya ce bai yarda da baƙo a kan 'yan mata ba, ko ya ce iyaye ba za su so ba, tafiya ta lalace. Na zaɓi hanyar da na tabbata ba za ta hana ni shiga jirgi ba.

Na je gidan da la'asar. Na tsaya a zaure, ta zo ta zauna daga bayan labule, ƙaramar 'yarta tana kan cinyarta, ina jin motsinta. Bayan gaisuwa da addu'a na faɗi abin da ya kawo ni. Ta gyara wa yarinyar zama. Can ta ce, "Baba Malam, na taɓa ji wai da Malama Indo ta yi nata ba ta fito ba." Na ce, "Nata daban ne, ba ta da lafiya a lokacin." Ta ce, "To. Idan ban koma ba kuma?" Na ce Sagir zai nemi wata, domin yara ba za su zauna ba malami ba. Ta ce, "In na rasa aikin me waɗannan za su ci? Keken ɗinkin ma ban iya ba." Sai ta tambaye ni abin da har yau yake tashe ni tsaye. Ta ce, "Amma babu zunubi a kaina ko?" Na ce babu. Ta ce, "Shi ke nan, tunda kai ka faɗa."

Ta dawo aiki. Ba kwalli, ba turare, ba lalle, hijabi ɗaya mai duhu kullum, tana magana ƙasa-ƙasa yadda masu takaba suke yi. Daga gidanta zuwa makaranta ba tafiyar ƙafa ba ce, dole sai ta hau acaɓa, safe da yamma, ta gaban masallaci, ta gaban masu shayi, ta gaban matan da ke layin famfo. Ku da kuke birni wataƙila ba za ku ga komai a nan ba. A wurinmu mai takaba ko gidan maƙwabta ba ta leƙawa. Ranar farko da ta shiga aji wata cikin 'yan matan ta fashe da kuka. Ina jin muryarta ta bango tana cewa, "Ku share hawaye, wa ke da karatu?" Na ci gaba da sauraren yarana, yaro ya tsallake aya ban ma ji ba, sai na kusa da shi ne ya gyara masa.

Mutum ɗaya ce ta gane ni, matata. Ana saura 'yan kwanaki mu tashi, tana tsakar gida tana daka mini yajin tafiya, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Malam, wai da gaske Hassana ta koma makaranta?" Na ce da gaske ne. Ta ce, "Ikon Allah. To ni da nake kai wa Malama Indo albashinta a ƙulle a bakin zane duk wata, mafarki na yi?" Na ce mata ba ta san yadda abin yake ba, waccan ciwo gare ta. Ta ajiye taɓarya ta ce, "Wane ciwo? Matar da nake samu tana surfe? Malam, tsufa ne ya fara taɓa ka, ko ƙarar jirgi ce ta toshe maka kunne tun ba ka hau ba?" Na daka mata tsawa, abin da na daɗe ban yi ba, na ce harkar makaranta ba ta mata ba ce. Ta ɗauki taɓaryarta ta ce, "To Allah ya sa a karɓa." Ba ta sake tayar da maganar ba har yau, kuma ba ta faɗa wa kowa ba. Amma tun da na dawo kowa a gidanmu Alhaji yake ce mini, ita kaɗai ce har yanzu take ce mini Malam.

Ranar da na yi sallama da malamai, Malama Hassana ta jira kowa ya watse, ta tsaya daga nesa ta ce, "Baba Malam, ba na son tsaraba. Idan ka tsaya Arfa ka ambaci sunan baban su Ummi, ka roƙa masa gafara. Ajinka kuma kada ka sa shi a rai, na riƙe." Na ce in Allah ya so. Wane irin mutum ne ake yi wa wannan magana ya iya amsawa da murya daidai? Ni ne.

Na je. Na ga Ɗakin Allah da idona, na yi kuka kamar yaro. Wani da muke ɗaki ɗaya, mutumin Rogo, ya dafa ni ya ce, "Allah gafarta Malam, irin wannan kuka, don Allah a sa mu a ciki." Bai san kukan me nake yi ba. Duk inda na juya a cikin taron nan, in na ga mace da hijabi mai duhu sai in tuna Malama Hassana. A Arfa na ɗaga hannu na roƙa wa mijinta gafara kamar yadda na yi alkawari, amma ina ambaton sunansa sai na ji kamar yana tambayata ina na baro matarsa. Na yi istigfari har muryata ta dushe. Amma ni na karantar da yara cewa haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Ta yaya za ta yafe abin da ba ta san an yi mata ba? Na yi niyya a can cewa ina sauka zan je wa Sagir in warware komai.

Na sauka, aka tarye ni da mota har da 'yan makaranta suna waƙe. Gida ya cika, ana shafa hannuna ana neman albarka. Na ce bari baƙi su ragu. Baƙi suka ragu, na ce bari a gama walima kada in ɓata taro. Aka yi walima, yara suka yi karatu ba tuntuɓe, maza da mata, iyaye suna hawaye. Sagir ya tashi a gaban jama'a ya gode mini, wai ni ne ginshiƙin makaranta. Malama Hassana tana can baya cikin mata, ta rame har hijabin ya yi mata yawa. Ita ta yi aikin, ni aka ambata. Bayan nan kuma na ce ai takabar ta kusa ƙarewa, tonawa ba za ta mayar mata da kwanakin da suka wuce ba. Haka na riƙa ba kaina haƙuri. Har Sagir ya faɗa a taron malamai cewa daga yanzu wadda mijinta ya rasu mako biyu ne hutunta, kamar yadda Baba Malam ya tabbatar. Ina zaune na sunkuyar da kai.

Ban san abin da ke dahuwa a dangin mijinta ba sai makon jiya. Yayan marigayin, zan kira shi Alhaji Iro, manomin gyaɗa ne a Rogo Ruma, mutum mai zafi, shi ne babba a gidansu. Ya zo yi mini barka da dawowa, na ba shi zamzam ya sha, muka taɓa hira a kan damina. Sai ya gyara zama ya ce, "Allah gafarta Malam, akwai maganar da ta kawo ni ban da gaisuwa. Matar ƙanena ta kunyata mu. Yaron nan ko arba'in bai yi a ƙasa ba, tana kan babur a bayan wani ƙato, safe da yamma. A kasuwar Rogo aka tare ni da maganar." Na ce ai aiki take zuwa, kuma shari'a ba ta hana ba. Ya ce, "In da larura, na sani, ni ma na yi allo. Amma wace larura? Gwaggona, Allah ya jiƙanta, maƙwabciyar Malama Indo ce. Kowa ya san makarantarku tana zaunar da mai takaba a biya ta. Matar ƙanena ce dai ta saba da fita, zaman ɗaki ya gagare ta. Da na tambaye ta sai ta ce wai babu hutun. Ni za ta yi wa ƙarya?"

Na ce, "Alhaji, a bi a hankali." Ya ce, "An bi. Matar da ta kasa zama saboda uban yara ba za ta riƙe mana yara ba. Tana fita takaba zan kwashe su ukun in kai su Rogo Ruma, matana su riƙe. Amma mai unguwa ya ce kada a yi gaggawa, a zauna ranar Juma'a bayan an sauko, da liman da dattawa. Ita ta ce kai ne shaidarta. Na ce madalla, ni ma na yarda da kai. Mutumin da ya dawo daga Ɗakin Allah jiya-jiya ba zai yi mana ƙarya ba. In ka ce babu hutun, na janye, in ba ta haƙuri a gaban kowa. In akwai, yara nawa ne."

Na san wasu za su ce ai a shari'a uwa ce ta fi cancanta da riƙon 'ya'yanta, ta tafi kotu. Na sani, ni ma haka na karanta. Amma mahaifinta ya rasu, 'yan'uwanta mata ne, ba ta da wanda zai tsaya mata, kuma ba macen da za ta kai dangin 'ya'yanta gaban alƙali ba ce. Abin da aka yanke a zauren mai unguwa shi zai zauna. Ƙaramar yarinyar ko yaye ba a daɗe da yi mata ba.

To ga inda nake. Idan na je na maimaita abin da na faɗa tun farko, za su yarda. Sagir abin da na gaya masa kawai ya sani, gwaggon Alhaji Iro ta rasu, matata ba za ta tona ni ba. Yara za su zauna wurin uwarsu, Alhaji Iro ya ba ta haƙuri, kowa ya tashi yana sa mini albarka. Amma shaidar zur ce, a gaban liman, da bakin da ya yi talbiyya. Wancan karo na ce ban tuna ba, wannan karo sai na ce babu. Kuma na binne maganar Malam Babba ke nan har abada, duk malamar da mijinta zai rasu nan gaba ni na fito da ita.

Idan kuma na faɗi gaskiya, cewa akwai hutun, ni na ɓoye don in tafi Makka, ita ba ta sani ba, to na san na gama yawo a garin nan. Sagir ba zai sake tambayata yaya Baba yake yi ba, in ma ya bar ni a makarantar. Yaron da ya biya mini kujera zai ji abin da na yi da kyautarsa. 'Ya'yana za su ji. Wannan duk na cancanta. Abin da yake tsorata ni shi ne Alhaji Iro. Sharaɗinsa a fili yake: in akwai hutun, yara nasa ne. Zai tsaya ya saurari sauran bayanin? Ko zai miƙe ya ce kun ji, akwai, shi ke nan? Kuma wanda ya ce da bakinsa ya yi ƙarya jiya, wa zai karɓi shaidarsa yau? Na san mutanenmu. Kafin la'asar za a ce me zai sa dattijo ya shafa wa kansa baƙi saboda yarinyar da takabarta ta kusa ƙarewa, in ba yana da wata manufa ba. Sai in je wanke ta in ƙara mata wani dattin, yaran kuma a tafi da su.

Amma kuma ina tuhumar kaina. Wannan tsoro da nake cewa don ita nake ji, don ita ne da gaske? Ko Shaiɗan ne ya sake kawo mini wata gaskiyar in rufe kaina da ita, kamar yadda ya yi mini a ofishin Sagir? Wallahi ban sani ba. Na yi istihara, zuciyata ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Malaman da zan iya tambaya a nan duk sun san ni, wasu ma ni suke tambaya. Na yi tunanin in je wa liman a keɓe kafin ranar, ko in fara zuwa wa Sagir, ko in sa matata ta je ta faɗa wa Malama Hassana, ita kanta ta zaɓi abin da zan faɗa. To in ta zaɓi in yi ƙarya saboda 'ya'yanta fa, na ɗora mata nawa zunubin a kan wanda na riga na yi mata?

Jiya bayan an tashi yara Malama Hassana ta same ni a barandar aji. Ta durƙusa daga gefe ta gaishe ni, ta ce babbar 'yarta ta daina cin abinci tun da ta ji ana zancen Rogo Ruma, in an aike ta ma ba ta yarda ta yi nisa da gida. Ta ce, "Baba Malam, ka yafe mini na ambaci sunanka ban nemi izininka ba. Na rasa wanda zan kama ne. Ba na roƙon ka ƙara komai don ka taimake ni, kada ka ɗauki zunubi saboda ni. Gaskiyar da ka faɗa mini a zaure, ita kaɗai nake so ka faɗa musu."

Na ce mata Allah ya kai mu. Ta ce amin, ta yi godiya, ta tafi neman abin hawa.

Yau Talata. Ku zage ni in kun ga dama, na yarda, amma bayan zagin ku ba ni amsa, musamman malamai da iyaye mata da suka taɓa zaman takaba. Ranar Juma'a liman zai juyo ya ce, Alhaji, kai muke saurare, ita tana bayan labule, 'ya'yanta suna jira a gida. Don girman Allah, me zan yi?